Shinkafa Daga Tukunya Zuwa Gugguru: Yadda Ake Sarrafa Ta Mataki-Mataki

Shinkafa abu ce da kowa yake ganin ya iya dafawa, shi ya sa ba a cika tsayawa a koya ba. A zuba ruwa, a zuba shinkafa, a rufe. In ta yi kyau a ce hannu ne, in ta caɓe a ɗora wa buhun laifi. Alhali kusan duk abin da ke samun ƙwayar shinkafa, tun daga tukunya har zuwa guggurunta da ake ci ana jin ƙuras-ƙuras, magana ce ta ruwa: nawa ya shiga cikinta, da wane irin zafi ya shiga, kuma ta yaya ya fita. Dafawa shigar da ruwa ce. Yin gugguru fitar da shi ne da ƙarfin tsiya. Ajiya kuwa hana shi komawa ciki ce. Idan uwargida ta riƙe wannan, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Fara da sanin irin shinkafar da ke hannunki

Galibin abin da ke cikin ƙwayar shinkafa sitaci ne, kuma sitacin iri biyu ne. Akwai wanda masana ke kira amilos, shi ne ke sa ƙwaya ta tsaya da ƙafarta, ta yi wara-wara bayan an dafa. Akwai amilofektin, shi kuma shi ne mai danƙo. Doguwar shinkafa irin basmati, wadda ake nomawa a Indiya da Pakistan, tana da amilos sama da kashi 20 cikin 100, shi ya sa ba ta mannewa. Jasmin ta ƙasar Tailan ta fi ta laushi da ɗan danƙo. Gajeriyar shinkafa mai ƙiba ta fi su duka haɗewa, ita kuwa shinkafa mai danƙo da ake ci a Lawos da arewacin Tailan kusan babu amilos a cikinta sam. Don haka duk iya girkinki, ba za ki sa gajeriyar shinkafa ta yi wara-wara kamar basmati ba. Halittarta ce haka.

Bayan iri, sai abin da aka yi wa shinkafar kafin ta iso gare ki. Ɗanyar farar shinkafa an cire mata ƙaiƙayi da dusa, ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Shinkafar gumi kuwa an jiƙa ta tun tana shanshera, an turara ta, an shanya, sannan aka casa. Turarawar tana tura wani ɓangare na sinadaran dusar zuwa cikin ƙwayar, tana kuma ƙarfafa sitacin, shi ya sa take da launin ruwan ɗorawa kaɗan, take jure wuta, ba ta saurin caɓewa. Sai kuma wadda aka bar mata dusarta, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ta fi amfani a jiki amma ta fi cin lokaci da ruwa, kuma ta fi saurin lalacewa a ajiye saboda man da ke cikin dusar. Ki riƙe maganar gumin nan a ranki, za ta dawo idan mun zo kan gugguru.

Dafa ta yadda za ta yi wara-wara

Mataki na farko shi ne awo, kuma da kofi ɗaya za ki auna shinkafar da ruwan. Kofi ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ba da wajen kofi 3 idan ta dahu.

Sai wanki. Ki zuba ruwan sanyi, ki juya da hannu a hankali, ki tsiyaye, ki maimaita har farin ruwan ya ragu sosai. Abin da kike wankewa garin sitaci ne da ya maƙale a bayan ƙwayoyin lokacin casa da jigila, kuma shi ne ke komawa kamar koko a cikin tukunya ya manne su. Kada ki murje ta da ƙarfi, karyewa za ta yi, karyayyar shinkafa kuwa sitaci take ƙara saki. In da tsakuwa ki rege. Akwai dai shinkafar leda da aka barbaɗa wa bitamin da sinadarin ƙarfe a masana'anta, wadda za ki ga an rubuta a jikinta kada a wanke; wannan idan kin wanke kin zubar da ƙarin da aka yi mata.

Basmati tana son a jiƙa ta minti 20 zuwa 30 kafin a ɗora. Ruwan yana ratsa ta a hankali, sai ta miƙe ta yi tsawo ba tare da ta tsage ba. Shinkafar gumi ba ta buƙatar wannan.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke tafka kuskure. Kowa ya san ƙa'idar "shinkafa ɗaya, ruwa biyu", kuma idan shinkafar kaɗan ce ƙa'idar takan yi aiki. Amma abin da farar shinkafa ke sha bai wuce kimanin kwatankwacin kanta ba, wato kofi ɗaya na shinkafa yana shan wajen kofi ɗaya na ruwa. Ragowar ruwan tururi ne da ke gudu ta gefen murfi, kuma yawan tururin nan bai damu da yawan shinkafar ba. Faɗin tukunya da kyawun murfi da tsawon lokaci ne ke yanke shi. Ma'ana, idan kin ninka shinkafa bai kamata ki ninka ruwan duka ba. Kofi 1 na farar doguwar shinkafa, ruwa kofi 1 da rabi. Kofi 2, ruwa kofi 2 da rabi ko ɗan sama da haka. Kofi 4, ruwa kofi 4 da rabi zuwa 5. Wadda ta zuba kofi 8 na ruwa a kan kofi 4 na farar shinkafa ta rufe, ita da kanta ta gayyato caɓewa. Wannan ne dalilin da za ki ga mace ta ƙware a girkin mutum biyu, amma ranar da baƙi suka zo sai shinkafar ta ba ta kunya.

Shinkafar gumi ta fi shan ruwa, ki ba ta wajen kofi 2 a kan kofi 1 idan kaɗan ce, ki rage gwargwado idan tana da yawa. Sabuwar shinkafa da ba a daɗe da girbewa ba tana son ruwa ƙasa da tsohuwa. Ki ɗauki waɗannan alƙaluman a matsayin mafari, tukunyarki da murhunki su ne za su gyara miki su.

Ki zuba shinkafa da ruwa da gishiri a tukunya mai kaurin gindi, ki ɗora a wuta mai ƙarfi ba murfi. Da ta tafasa, ki juya sau ɗaya tak don kada ta kama ƙasa, ki rufe ruf, ki mayar da wutar can ƙasa iyakar yadda za ta iya. Farar shinkafa minti 15 zuwa 18. Ta gumi minti 20 zuwa 25. Mai dusa minti 40 zuwa 45. A tsawon wannan lokaci kada ki buɗe, kada ki juya. Duk buɗewa ɗaya tururin da ke dafa saman shinkafar kike saki, duk juyawa ɗaya ƙwayoyi kike fasawa. Idan murfin ba ya zama daidai, ki shimfiɗa takardar gashi ko tsumma mai tsabta a bakin tukunyar kafin ki rufe, ki naɗe gefen tsumman a saman murfin don kada wuta ta kama shi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk sauran tasiri. Ki kashe wuta ki bar tukunyar a rufe minti 10. A lokacin da kika kashe, ta ƙasa ta fi ta sama jiƙa, bayan kowace ƙwaya kuma ya fi cikinta laushi. Minti goman nan ne ke ba danshin damar rarrabuwa daidai. Bayan haka ki buɗe ki barbaza ta da cokali mai yatsu, ba da ludayi ba.

Akwai hanya ta biyu, wato a dafa ta cikin ruwa mai yawa, kamar ninki 6 ko fiye, idan ta kusa nuna a tsane a kwando, a mayar tukunya a rufe ta turara a ƙaramar wuta minti 5 zuwa 10. Wannan ta fi sauƙi idan shinkafar tana da yawa ko ba ki san halinta ba. Tana da wani amfanin kuma: shinkafa ta fi sauran hatsi zuƙo sinadarin asenik, wanda guba ne, daga ƙasa da ruwan da aka noma ta, dafawa a ruwa mai yawa a zubar tana rage shi sosai. Hasararta ita ce wasu bitamin ma suna bin ruwan.

Tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, wadda kamfanin Toshiba na Japan ya fitar da mai kashe kanta a 1955, da wannan lissafin na ruwa take aiki. Muddin akwai ruwa a ciki zafin ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Selsiyus. Da ruwan ya ƙare zafin ya haura, sai ta kashe. Ba ta san ko shinkafar ta nuna ba, ƙarewar ruwa kawai ta sani, don haka awon yana nan a wuyanki.

Idan an samu matsala: in ruwa ya tsotse amma cikin ƙwayar bai nuna ba, ki yayyafa ruwan zafi cokali 3 ko 4, ki rufe, ki ba ta minti 5 a ƙaramar wuta. In ta nuna amma da sauran ruwa, ki tsane, ki baza ta a faranti ta sha iska. In ta kama ƙasa, ki kwashe ta sama zuwa wani mazubi nan take ba tare da kin kankaro ƙasan ba. Ƙanzon kuma, in dai bai yi baƙi ba, kada ki zubar. A Iran da gangan ake yin sa, suna kiran sa tahdig, a Koriya nurungji, kuma za ki ga amfaninsa nan gaba.

Ragowar shinkafa da haɗarin da ba a gani

Kafin mu shiga gugguru dole a yi wannan maganar, tunda hanya mafi sauƙi ta yin sa da dafaffiyar shinkafa take farawa. Ɗanyar shinkafa takan ɗauko ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda ke iya tsira daga tafasa. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi-ɗumi, ƙwayar tana hayayyafa ta saki guba, kuma gubar nan ɗumame ba ya kashe ta. Mai cin ta yakan fara amai cikin 'yan awanni. Abin takaicin shi ne shinkafar ba lallai ta yi wari ko yauƙi ba.

Maganin abin shi ne sauri. Ki baza ragowar a faranti mai faɗi ta huce, ta shiga firji cikin awa ɗaya in da hali. Ki ci ta washegari, ko ki ƙulla ta kashi-kashi ki sa a firiza. Sau ɗaya ake ɗumama ta, kuma ta yi zafi har ciki, tana tururi.

Shinkafar da ta kwana a firji takan yi tauri, saboda sitacin yana sake ɗaurewa idan ya yi sanyi. Wannan taurin shi ake nema a soyayyar shinkafa: ki murmushe ta da hannu, ki sa kasko ya yi zafi sosai, mai kaɗan, ki soya kaɗan-kaɗan kada ki cika kaskon. Da sabuwar dafuwa mai zafi ba za ki taɓa samun haka ba. In kuma ta zaƙi kike so, kofi 2 na ragowar shinkafa da kofi 2 na madara da sukari da ɗan kirfa, a ƙaramar wuta ana juyawa wajen minti 20, sun isa.

Me ke sa shinkafa ta kumbura?

Busasshiyar shinkafa ba a bushe take ƙarmas ba, akwai danshi kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100 a cikinta. Ruwa kuwa idan ya koma tururi yana faɗaɗa wajen ninki 1,700. Idan zafi mai tsanani ya afka wa ƙwayar farat ɗaya, ɗan ruwan cikinta ya koma tururi kafin ya samu hanyar sulalewa, sai ya hura sitacin daga ciki, sitacin ya daskare a haka cike da ƙananan ramukan iska. Ramukan nan ne ke fashewa a baki, su ne kuma ke yin ƙara idan an zuba madara.

Sharaɗi biyu ne: sitacin ya zama an taɓa dafa shi ya sake bushewa, don ya iya miƙewa ya riƙe tururin, sannan zafin ya zo da sauri. Shi ya sa ɗanyar farar shinkafa in kin jefa ta a kasko ƙonewa kawai take yi, amma ta gumi ko dafaffiyar da aka busar tana tashi.

Mutanen Indiya da Bangaladash sun daɗe suna yin wannan cikin yashi mai zafi, suna kiran sa muri ko murmura. Na masana'anta ya samo asali ne daga wani masanin tsirrai ɗan Amurka, Alexander P. Anderson, wanda a 1901 ya gano cewa idan aka dafa hatsi cikin rufaffen bututu aka saki matsin farat ɗaya yana kumbura. An nuna abin ga jama'a a bikin baje kolin duniya na birnin St. Louis a Amurka a 1904. Rice Krispies, guggurun shinkafa na kwali da ake karin kumallo da shi, na kamfanin Kellogg's ya fito a 1928, shi kuma dafa shinkafar ake yi da sukari da gishiri da tsiron sha'ir, a busar, a ɗan latse, a gasa a zafi mai yawa. Bambancin da ke tsakanin irin na kwali da farin gugguru mara komai yana da amfani a kicin. Farin gugguru mara komai ya fi girma da rashin nauyi, ba shi da zaƙi, ya dace da haɗin yaji da gishiri, amma yana saurin laushi. Irin na kwali ƙanana ne, sun fi ƙarfi, sun fi jure zuma da narkakken sukari. Mai gudun gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir wanda jikin wasu ba ya jurewa, ya lura: shinkafa ba ta da shi, amma tsiron sha'ir da ke cikin wasu na kwali yana da shi.

Yin gugguru a gida: hanyar mai

Ki dafa kofi 1 na shinkafa da ɗan gishiri kamar yadda aka bayyana, ba mai, ta nuna amma kada ta caɓe. Ragowar jiya da ta kwana a firji ma ta yi. Ki shimfiɗa takardar gashi a faranti, ki baza shinkafar shimfiɗa ɗaya, ki rarraba dunƙulen da yatsu. Ki sa a obin a digiri 100 zuwa 120 na wajen awa 2, kina juyawa duk bayan rabin awa. In rana za ki yi amfani da ita, sai ranar da take da zafi kuma iska a bushe take, ki baza ta siriri sosai ki rufe da raga, don ta bushe da wuri. Shinkafar da ta wuni da danshi a inuwa ta koma cikin haɗarin da muka ambata.

Alamar ta bushe ita ce ƙwayoyin su ƙanƙance, su yi tauri, su ɗan yi sheƙi kamar ana hango cikinsu, in kin zuba su a faranti ki ji ƙara. Ki ciji ɗaya: in ta lanƙwasa da saura, in ta karye ta yi. Nan ne haƙuri ke aiki, domin sauri ya kan haifi nawa. Wadda ba ta gama bushewa ba fantsama za ta yi a mai, ta fito da tauri. Kada kuma ki bari ta soma yin ja a obin, don in ta rasa danshinta gaba ɗaya babu abin da zai hura ta.

Ki zuba mai a ƙaramar tukunya mai zurfi, tsayin man ya kai gaɓa biyu ta yatsa, kuma kada ya wuce rabin tukunyar. Ki zafafa shi zuwa digiri 200 ko ɗan sama. In babu ma'auni, ki jefa ƙwaya ɗaya: idan ta nutse ta zauna, man bai yi ba, idan ta taso ta buɗe cikin daƙiƙa 2 ko 3, ya yi, idan ta yi ja nan take, ya wuce, ki sauke ya ɗan huce. Dabarar da ta fi ita ce ki nutsa matacin ƙarfe cikin man, ki zuba cokali 2 na busasshiyar shinkafa a cikinsa, ta taso da kumfa, ki ƙirga biyar zuwa goma ki ɗaga matacin gaba ɗaya. Ki juye a takarda mai shan mai, ki barbaɗa gishiri tun da zafi. Ki ba man ɗan lokaci ya sake ɗaukar zafi kafin zubi na gaba. Mai a wannan zafin ba abin wasa ba ne: hannu da mataci su zama a bushe, yara su yi nisa, murfi yana kusa don rufewa in wuta ta kama, kuma ko kusa kada a watsa wa man da ya kama wuta ruwa.

Da wannan hanyar ake soya ƙanzo. Ki ɓamɓaro shi, ki kakkarya, ki busar da shi sarai, ki jefa a mai. Haka mutanen arewacin Tailan ke yin khao taen, faifan shinkafa mai danƙo da ake busarwa a soya a zuba masa narkakken sukarin rake.

Hanyar gishiri, ba mai

Wannan ta fi wuya kaɗan amma abin da take bayarwa ya fi daɗewa a ajiye, tunda babu man da zai yi ɗoyi. Shinkafar gumi take so. Ki yayyafa wa kofi 1 ruwan gishiri cokali 1, ki cakuɗa, ki juya ta a busasshen kasko a ƙaramar wuta har ta bushe ta yi ɗumi, ba tare da ta canja launi ba. A wani kasko mai kauri ki zuba garin gishiri kofi 2, ki zafafa shi sosai har ya zama in kin jefa ƙwaya ɗaya ta fashe nan take. Ki zuba ɗan tafin hannu ɗaya na shinkafar, ki juya da sauri gishirin ya rufe ta, cikin daƙiƙu kaɗan za ki ga suna ta fitowa fari-fari. Ki kwashe da rariyar ƙarfe, ki girgiza gishirin ya koma kasko, ki ci gaba. Gishirin zai yi duhu, ba komai, ki adana shi don wani karon. Gaskiya na gida ba ya kai na masana'anta girma, kuma wata shinkafar ta fi wata tashi, don haka ki gwada da kaɗan kafin ki ɓata da yawa.

Abin da za ki yi da shi

Ko na gida ne ko na saye, ki fara da ɗanɗana shi. In ya yi laushi, ki juya shi a busasshen kasko a ƙaramar wuta minti 3 zuwa 4, ko obin a digiri 150 minti 5, ki bari ya huce. Zafin yana korar danshin da ya sha, sai bayan ya huce ƙarfinsa ke dawowa. Duk haɗin da aka fara da gugguru mai laushi ya lalace tun daga tushe.

Mafi shahara a duniya shi ne haɗin mashmalo (wata alawa mai laushi kamar soso), wanda aka danganta ƙirƙirarsa ga wasu ma'aikatan Kellogg's biyu, Mildred Day da Malitta Jensen, a 1939. Bota cokali 3, mashmalo giram 280, gugguru irin na kwali kofi 6. Ki narkar da botar a ƙaramar wuta, ki zuba mashmalo kina juyawa, da ya kusa narkewa duka ki sauke, ki zuba guggurun ki cakuɗa da sauri, ki juye a farantin da aka shafa wa bota. Abu biyu ke ɓata shi. Wuta mai ƙarfi tana dafa sukarin ya wuce misali, sai ya fito da tauri mai ciwon haƙori. Dannawa da ƙarfi kuma tana murƙushe ramukan iskar. Ki shafa wa yatsunki bota ki daidaita saman a hankali, ki bar shi rabin awa, ki yanka. Ɗan gishiri kaɗan yana rage masa gundura. A duba jikin leda kafin a saya, domin da gelatin, sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba, ake yin mashmalo, kuma gelatin na kamfanoni da yawa daga alade ake samo shi. Akwai na saniya da na kifi da na tsirrai ga mai buƙata.

Ni dai na fi son wanda ba mashmalo. Zuma rabin kofi, niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi rabin kofi, gugguru kofi 3 zuwa 4. Ki ɗora zumar ta tafasa minti ɗaya, ki sauke, ki zuba gyaɗar ki juya su haɗe, sannan guggurun. Shi wannan yana son a ɗan danna shi fiye da na farko, a sa a firji awa ɗaya kafin a yanka. Ana iya ƙara riɗi ko yankakken dabino ko busasshiyar kwakwa, ko a zuba narkakken cakulan a sama. Ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya zuma.

Sai dunƙulen mazarƙwaila, irin wanda ake yi a Indiya da Bangaladash. Mazarƙwaila da aka goga kofi 1, ruwa cokali 2, gugguru kofi 5. Duk aikin yana wajen gane lokacin da sukarin ya kai. Ki narkar da ita a matsakaiciyar wuta, ki ajiye kofin ruwan sanyi kusa. Ki ɗiga kaɗan a ciki: in ya narke ya bi ruwan, da saura; in ya dunƙule ya yi ƙwallo mai ɗan tauri da za ki iya ɗauka da yatsa, wajen digiri 120 zuwa 125 ke nan, ya yi. Ki kashe wuta, ki juye guggurun, ki juya, ki jira zafin ya sauka yadda hannu zai iya jurewa, ki jiƙa tafinki da ruwa ki mulmula da sauri kafin ya daskare. In kin sauke da wuri ba zai kama ba, kuma ruwan da ya rage cikin sukarin zai jiƙa guggurun. In kin makara zai daskare a tukunya. Idan ya fara ƙin mulmuluwa, ki mayar kan ƙaramar wuta na ɗan lokaci, ko ki baje sauran a faranti ki yanka. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna kuma yana manne wa fata, kada ki yi gaggawar sa hannu.

Ɓangaren gishiri ya fi duka sauƙi. Ki sa mai cokali 2 a kasko mai faɗi, ki soya gyaɗa rabin kofi ta yi ja, ki zuba yankakkiyar tafarnuwa ta bushe, ki rage wuta, ki sa kurkum rabin ƙaramin cokali da garin barkono da gishiri, nan take ki juye gugguru kofi 4 ki yi ta juyawa minti 4 zuwa 5. Kayan ƙamshin a cikin mai ake sa su don su manne, in kin barbaɗa su a busasshen gugguru ƙasan kwano za su tare. Wannan yana ajiyuwa. Wanda ba ya ajiyuwa shi ne irin jhal muri na birnin Kolkata a Indiya, da ake haɗa gugguru da yankakkiyar albasa da ɗanyen barkono da kokwamba da lemun tsami da ɗan man mustad, ko bhel puri na Mumbai mai miyar tsamiya. Su waɗannan ki yanka komai ki ajiye gefe, sai masu ci sun zauna ki haɗa, domin cikin minti kaɗan ruwan albasa da lemun zai kwantar da shi.

Yana kuma maye gurbin garin burodi a suya. Ki zuba shi a leda ki murƙushe sama-sama, kada ya zama gari, ki tsoma kaza ko kifi a fulawa, sannan ƙwai, sannan guggurun. Mara sukari za ki yi amfani da shi, mai sukari yana ƙonewa kafin naman ya nuna.

Ajiya

Gugguru yana zuƙar danshi daga iska da sauri, don haka sai ya huce sarai kafin a rufe shi, in ba haka ba tururinsa ne zai jiƙa shi a cikin mazubin. Kwalba ko roba mai murfi da ke kamawa gam ita ce wurinsa, nesa da murhu da inda tururi ke tashi. Wanda aka yi da gishiri ko aka saya yana yin makonni. Wanda aka soya a mai ki cinye shi cikin 'yan kwanaki. Na mashmalo ya fi daɗi a kwana biyun farko kuma ba ya son firji, tauri yake yi. Ki jera shi da takardar gashi tsakanin kowane layi. Na zuma da gyaɗa shi firji yake so, musamman lokacin zafi. Kada ki haɗa mai zaƙi da mai gishiri a mazubi ɗaya, kuma busasshiyar dafaffiyar shinkafar da ba ki soya ba tukuna ki ajiye ta daban a kwalba, ki riƙa ɗiba kina soya iya wanda za a ci a ranar.